Hubusi Ne Ya Rayar Da Ɗakin Karatunmu

Yau ina so in ba ku labarin wani kuskure da muka yi a unguwarmu, da yadda Allah Ya nuna mana mafita, ko wani zai amfana.

Shekarun baya, mu tsofaffin ɗaliban wata makarantar firamare muka ga ƙannenmu suna gama aji shida ba su taɓa riƙe wani littafi ba in ban da na darasi. Sai muka roƙi hedimasta ya ba mu ɗaki guda, muka kira taron neman gudummawa. Attajirai suka zo, aka yi alkawura, aka yi tafi. Da abin da ya shigo hannu muka sayi kantoci da littattafai, samari uku kuma suka ɗauki nauyin buɗe ɗakin kyauta. A zatonmu aiki ya ƙare.

Ashe ba mu yi tanadin gobe ba. Damina ta zo, rufi ya fara yoyo, gara ta kama kantar ƙasa. Da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, kuɗin mota ya gagari biyu daga cikin samarin nan, suka daina zuwa. Muka koma wa waɗanda suka bayar da farko, muka tarar sun gaji, kuma ba laifinsu ba ne, domin roƙo ba ya zama sana'a. Ranar da na ga an garƙame ɗakin da kwaɗo, yara suna leƙe ta taga, na kwana ban runtsa ba.

Limaminmu ne ya tuna mana abin da magabata suka sani tun da daɗewa, watau hubusi, wanda ake kuma kira waƙafi. Sayyidina Umar ya sami gona a Haibara, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shawarce shi da ya tsare asalinta ya sadaukar da amfaninta. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Masallacin Azhar na Masar, wanda aka fara ginawa a shekarar 970, ya yi ƙarnuka yana ciyar da malamai da almajirai daga dukiyar hubusi. Liman ya ƙara da cewa kada mu dogara ga zakka, gama Allah Ya ƙayyade mata mutane iri takwas a aya ta 60 cikin Suratut Tauba.

Abin da ya buɗe mana ƙofa shi ne sauƙin mazhabar Malikiyya: ba dole ne hubusi ya zama na har abada ba, ana iya yin sa na wasu shekaru. Da jin haka wani ɗan kasuwa mai sayar da yadi ya bar mana hayar shagonsa ɗaya na shekara biyar. Amma akwai sharaɗi: sai abin ya fita daga hannun mai shi ya koma hannun amintattu tun yana da rai da lafiya, in ba haka ba yana iya komawa cikin gado. Saboda haka muka rubuta takarda gaban shaidu, muka naɗa mutum uku masu kula.

Ma'aikatan gwamnati da ke cikinmu su ma suka kawo tasu. Kowannensu ya yanka wa kansa ɗan abin da zai riƙa bayarwa a ƙarshen wata, wani akawu kuma ya riƙe littafin lissafi, ana karanta shi a bainar jama'a duk bayan wata uku. Wannan karatun lissafi ne ya kashe zargi. Yanzu an gyara rufi, masu kula da ɗaki suna samun kuɗin mota, ana ƙara littattafai kowane zango.

To, ya ɗan kasuwa, wace rumfa ce cikin rumfunanka za ta ci gaba da yi maka ciniki bayan an rufe ka? Kai kuma ma'aikaci, alƙalaminka da amanarka ma sadaka ne. Allah Ya sa mu dace, amin. Wassalam.