Wa Ya San Sanyin Bana?

Bara sanyi ya riga mu shiri. Tagogi huɗu na aji uku sun karye tun da damina, muka kuwa zauna da kwamitin makaranta a watan Oktoba a kan maganar gyara. Wani dattijo ya ce ruwa ya ɗauke da wuri, saboda haka hunturu zai makara. Wani ya ce a'a, sai dai ya zo da wuri. Mu malamai muka bi maganar da ta fi mana sauƙi, muka ce a bari sai hutun Kirsimati. Makon farko na Nuwamba iska ta taso. Wata yarinya 'yar shekara takwas, wadda bencinta ke bakin taga, ta kamu da ciwon huhu, ta yi mako biyu a asibiti. Ta warke, mun gode wa Ubangiji, amma sai da mahaifinta ya sayar da akuyarsa.

Abin ya tsaya mana a rai. Muka ce bari mu bincika yadda mutanen ƙasashen dusar ƙanƙara suke yi, tun da yake sanyinsu kisa yake yi. Ashe su ma sun daɗe suna fama da wannan tambaya.

A Amurka akwai littafin manoma da ake kira Old Farmer's Almanac, tun 1792 yake fitowa kowace shekara yana faɗin yadda sanyi zai kasance. A wani gari kuma cikin jihar Fensilbeniya, kowace ranar 2 ga Fabrairu mutane sukan taru su fito da wata dabba mai kama da gafiya. In ta ga inuwarta, wai sauran mako shida na sanyi. Yaranmu sun yi dariya da suka ji wannan. Amma ba mu ga bambancinsa da taron kwamitinmu ba.

Masana kuwa suna da tasu hanya. Wani malamin Amurka, Edward Lorenz, ya nuna a 1963 cewa ɗan kuskure kaɗan wajen auna iskar yau yakan yi ta girma kowace rana har ya ɓata lissafi duka. Don haka ko da kwamfuta da tauraron ɗan adam, ba mai iya cewa ran kaza za a yi dusar ƙanƙara in ranar ta wuce kamar mako biyu nan gaba. To, yaya suke maganar wata uku? Sukan dubi abin da ba ya saurin sākewa, watau ruwan teku. Wani sashi na tekun Fasifik yakan yi ɗumi fiye da yadda ya saba, ana ce da wannan El Ninyo. In ya yi sanyi kuwa, La Ninya ke nan. Abin yakan kewayo tsakanin shekara 2 zuwa 7, yana kuma karkatar da hanyar manyan iskoki. Shekarar La Ninya arewacin Amurka yakan fi sanyi, kudu kuwa ya fi ɗumi da ƙarancin ruwa. Da wannan ne hukumarsu take fito da hasashe kowane Oktoba. Ba ta cewa ga abin da zai faru. Abin da take faɗa shi ne wanda ya fi yiwuwa cikin uku: sanyi fiye da kullum, ko kamar kullum, ko ƙasa da kullum.

Abin da ya fi yiwuwa ba alkawari ba ne. A ƙarshen 2020 ana cikin La Ninya, hasashe ya karkata ga ɗumi a jihar Teksas. Sai ga Fabrairu 2021, iskar da ke kewaya ƙarshen duniya ta arewa ta kwance, sanyi ya gangaro kudu. Gidaje fiye da miliyan 4 suka rasa wutar lantarki, hukumar lafiya ta jihar ta lasafta mutum 246 da suka mutu. Sanyin farko ma ba ya faɗin sauran. Ƙarshen Oktoba 2011 dusar ƙanƙara ta karya itatuwa a arewa maso gabashin ƙasar tun ganye bai gama zuba ba, mutane suka ce bana za a sha wuya. Amma lokacin sanyin nan ya zama ɗaya daga cikin mafi ɗumi da aka taɓa rubutawa.

Labarin da ya fi taɓa mu, mu malamai, shi ne na ran 12 ga Janairu 1888. Da safe gari ya yi ɗumi a Nebaraska da Dakota bayan kwanaki na tsananin sanyi. Yara da yawa suka tafi makaranta ba manyan riguna. A zamanin nan sojoji ne suke hasashen yanayi, suna aikawa ta wayar tangaraho, gargaɗi kuwa bai kai ƙauyuka kan kari ba. Kafin a tashi makaranta guguwar ƙanƙara ta faɗo, har mutum ba ya ganin hannunsa. Wajen mutum 235 suka mutu, da yawansu yara ne a hanyar gida.

Wata malama, Minnie Freeman, budurwa ce ƙasa da shekara ashirin. Da iska ta yaye rufin makarantarta, sai ta haɗa yaranta 13 wuri ɗaya, ta bi da su cikin guguwa har gidan da take zama. Ba wanda ya ɓace. Wata kuma, Lois Royce, abin hura wuta ne ya ƙare mata a aji. Ta fita da yara uku za su wani gida da bai kai yadi ɗari ba, suka ɓace hanya. Yaran nan uku suka mutu a jikinta cikin dare, ita kuma aka yanke mata ƙafafu. Ba mu ga laifinta ba. Amma mun yi ta tunani, wa ya kamata ya tara wa makarantar nan itace tun da kaka? Wataƙila wani kwamiti ne irin namu.

Ya ku iyaye, mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da hunturu, yana kuwa zuwa kowace shekara. Ranar zuwansa da ƙarfinsa ne kaɗai a ɓoye. Ubangiji ya tambayi Ayuba ko ya taɓa shiga rumbunan da ake ajiye ƙanƙara, Ayuba bai sami amsa ba. Masana na yau sun leƙa bakin rumbun, muna kuwa gode wa Allah saboda hikimar da ya ba su. In rediyo ya yi gargaɗin ƙura ko sanyi, mu ji, kada mu ce rashin bangaskiya ne. Yusufu ma da aka nuna masa yunwa tana zuwa, hatsi ya tara. Amma ku duba macen kirki ta Karin Magana sura 31. Ba a ce ta san ranar da sanyi zai sauka ba. An ce ba ta jin tsoronsa, gama ta riga ta tanada wa iyalinta tufafi.

Saboda haka ga roƙonmu. In an sayar da amfanin gona, a fara da rigar sanyi da hula da bargo na yara kafin kayan Kirsimati. A liƙe tagogi tun Oktoba. Kada a kwana da kaskon gawayi cikin ɗaki a rufe, gama iskarsa ba ta da wari amma tana kashewa. Yaro mai tari, in numfashinsa ya yi sauri ko awazunsa na faɗawa ciki, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe. Zumuntar mata kuma ta duba marayu da tsofaffin da ke kwana su kaɗai.

Bana mun gyara tagoginmu tun Satumba. Dattawan nan biyu har yanzu suna gardama a kan sanyin bana, mu dai ba mu sa baki ba. Yarinyar nan tana aji huɗu yanzu, ita ce kuma take rufe mana tagogi kowace yamma in an tashi.