Mutanen Jirgin Wayfarer

Masu karatu sun rabu gida biyu kan littafin farko na Becky Chambers, marubuciya 'yar Amurka, wato The Long Way to a Small, Angry Planet. Da kanta ta fitar da shi a 2014 da gudummawar jama'a ta Kickstarter, kuma a 2019 jerin littattafan da ya buɗe ya ci kyautar Hugo.

Wasu na ƙorafin wai babu abin da ke faruwa a ciki. Jirgin Wayfarer ya kama doguwar tafiya don huda hanya a sararin samaniya, amma yawancin shafukan hira ce da cin abinci da ƙananan saɓani. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya zo kallon yaƙi zai ƙosa.

Ni kuwa wurin mutanen na fi daɗewa: Rosemary mai ɓoye asalinta, Dr Chef mai girki da magani wanda jinsinsa ke gab da ƙarewa, da Jenks da ya kamu da son Lovey, kwamfutar jirgin. Inda na bi bayan masu suka shi ne saurin yafe wa juna ya yi yawa. Hatta Corbin, mai wuyar sha'ani, daga baya ya sauko.