Zoben da Ke Tsakanin Taya da Ƙafar Jirgi

A Anka, Gummi da Bukkuyum, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, da wuya yaro ya girma bai ƙera mota da kara ko gwangwani ba, tayoyinta yankakken silifas ne da aka zura a waya. Duk wanda ya ja irin wannan mota ya san ciwonta: taya takan matso ta goga jikin motar har ta cije. Maganin da yara suka sani shi ne a zura guntun kara ko murfin kwalba tsakanin taya da jiki. Wannan dabara ce masu ƙera ƙananan jiragen da ake sarrafawa da rimot suke sayen irinta a leda, zoben roba ko na ƙarfe da bai kai ƙwayar wake ba.

Ƙafar ƙaramin jirgi yawanci waya ce mai tauri, kaurin milimita 3 ko 4, wadda ake lanƙwasa ƙarshenta ya zama sandar da taya ke juyawa a kanta. Lanƙwasar ba ta taɓa yin kusurwa tsaf, kullum da ɗan baka a gindinta, kuma idan taya ta hau wannan baka sai ta maƙale. Zoben ciki shi ke tsare ta daga nan. Daga waje kuma akwai wani zobe mai ɗan sukuru da ke hana ta ficewa. Ratar da ake bari kimanin rabin milimita ce, yadda taya za ta juya ba tare da ta yi lilo ba.

Abin da ke biyo bayan kuskure a wannan awo ya fi girman zoben nesa ba kusa ba. Idan tayar dama ta cije ta hagu tana gudu, jirgi yakan karkata kafin ya bar ƙasa, fiffike ya daki turɓaya. Idan duka biyun suka cije a wajen sauka, sai ya kifa da hanci, farfela ta karye, wani lokaci har sandar injin ta lanƙwashe. Rata mai yawa kuma tana sa taya ta riƙa kaɗawa har ramin tsakiyarta ya buɗe. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

A yammacin Zamfara lamarin ya fi tsanani, domin filin da matashi zai samu na ƙwallo ne ko fegi bayan girbi, ƙasa mai tsakuwa da rairayi. Kowane karo da tsakuwa yana girgiza sukurun zoben waje, shi ya sa masu gwaninta ke goge gefen sandar da magagari domin sukurun ya sami wurin zama. Man shafawa, wanda bakanike zai fara kai hannu gare shi, a nan illa yake yi: ƙurar hunturu takan manne masa ya koma kamar garin dutse, ya cinye ramin taya. Zoben roba busasshe ya fi dacewa da wannan ƙasa.

Samun zoben ma wani aiki ne. Kayan irin waɗannan jirage sai an yi odarsu daga Kano ko Legas, ko ta intanet daga Sin, kuma kuɗin kawowa ya ninka na zoben, ga hanyoyin yankin da rashin tsaro ya sa ake lissafi kafin a hau su. Sai dai kasuwar gida tana da madadi. Wayar tayar keke kaurinta milimita 2 ne, ta ishi jirgin soso mara nauyi, kuma bututun tawadar biro yana shiga cikinta kusan daidai. Duwatsun wuya na roba ma suna yi. Sharaɗin ɗaya ne: a yanka na dama da na hagu tsawo guda, a auna, kada a kintata.

Akwai tsohuwar hanya ta liƙe zoben ƙarfe a sanda da dalmar masu gyaran rediyo, wadda a irin da aka saba kashi 40 cikin 100 dalma ce zalla. Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa bukatar a gaya musu mene ne wannan, tun da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukansu a 2010. Wanda zai yi liƙi ya yi shi nesa da ƙanana da wurin girki, ya share, ya wanke hannu.

Sararin samaniya ma yana da ƙa'ida. Tun 2016 hukumar NCAA ta wajabta neman izini kafin tashin jirage marasa matuƙa, kuma a Maris 2021, bayan sace ɗaliban Jangebe, gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a Zamfara. A irin wannan yanki, abin da ke yawo a sama ba da sanin jami'an tsaro ba yana iya jawo wa mai shi zargi mai nauyi. Gwajin gudu a ƙasa kuwa ana yinsa a tsakar gida, kuma a nan ne aikin zoben yake bayyana: a tura jirgin da hannu, a ga ko zai miƙe.

A 2007 duniya ta yi ta labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic, ya ɗaga shi ƙafa 7. Irin wannan labari yakan tara jama'a, kuma ya cancanta. Amma tashin farko ake tafa wa, alhali injiniya a sauka ta goma ake gane shi, lokacin da jirgin ya dawo lafiya saboda kowane awo an rubuta shi, ana iya maimaita shi. Malamin kimiyya a Gummi da ya miƙa wa ɗalibansa ma'aunin kauri da littafin rubuta awo ya ba su abin da zai bi su har ɗakin gwaji, ko da jirginsu bai taɓa wuce katangar makaranta ba.