Tatsar Yamma

Da nonon saniyarmu Bunaji ake biya mini kuɗin makaranta. A ranin da ta haifi maraƙinta na uku, muna tatsar ta safe da yamma, abincinta kuwa karan dawa kawai. Tun da ƙwarya tana cika, ba mu damu ba. Wata takwas ba ta nemi bijimi ba.

Malamin dabbobi ya shafa haƙarƙarinta, ya dubi Baba. "Malam, naman jikinta take narkarwa tana ba ku. Ramammiyar saniya ba ta ɗaukar ciki."

Baba ya sayar da awaki biyu, ya sayo harawa, dusa, angurya da kanwa, ya hana tatsar yamma. Zangon karatun nan a gida na yi shi, ina jin haushinta. Da damina ta kankama, ta karɓi barbara.