Askar kakana da ƙahon sa

1/ Jama'a, babana wanzami ne a Hadejia, kakana ma haka. Shekara biyu ina jami'a, duk wanda ya tambayi sana'ar Baba sai in ce ɗan kasuwa ne. Allah Ya yafe min. Yau labarin wata aska zan ba ku.

2/ Shekarar 2022 ce, muna zaune a gida tun Fabrairu saboda yajin aikin malamai. A watan Satumba kogin Hadejia ya yi ambaliya, ruwa ya shigo mana cikin dare. Muka kwashi yara da hatsi. Zabirar Baba tana rataye a zaure, katangar ta zube da ita. Kwana uku ta yi a ruwa.

3/ Rezar kwali dai an zubar, ba asara ba ce. Amma akwai wata aska mai naɗewa ta kakana, a jikin ƙarfen an buga Solingen, garin nan na Jamus da ya yi suna a ƙera wuƙaƙe. Mariƙinta katako ne ɓari biyu. Ya sha ruwa ya kumbura, da ya bushe ya tsage daidai wajen ƙusa.

4/ Baba ya juya ta a hannu, ya naɗe ta a tsumma, bai ce uffan ba. Mu bakwai a gidanmu, da ita aka yi mana askin suna. Ga Yaya da tsohon ciki.

5/ Na sace ta na kai wa wani tsohon maƙeri, na ce a sa mata roba. Ya kalle ni sama da ƙasa.
"Ɗana, ƙarfen da ya girmi ubanka za ka sa wa roba? Je ka kwata ka samo ƙahon sa."

6/ Wallahi na ɗauka aikin minti goma ne. Ya goge kan tsohuwar ƙusa da magagari a hankali har ta fita, bai buge ta ba, wai ƙarfen aska tauri gare shi, in ya sha duka tsagewa yake. Ya ba ni sanfefa da ɗan mai, na zauna cire tsatsa har la'asar.

7/ Ƙahon kuwa, ya tsaga shi, ya gasa a kan garwashi har ya yi laushi (warin nan, kar ku tambaya), ya danne shi da dutse ya kwana. Washegari ya ɗora tsohon ɓarin a kai ya zana, ya yanka biyu, ya haɗa su ya goge tare don kar ɗaya ya fi ɗaya.

8/ Inda na sare shi ne ɗan guntun da ake maƙalawa tsakanin ɓarin biyu ta ƙarshe. Shi ke buɗe wa ƙarfen wurin kwanciya. In ya karkace ko kaɗan, kaifin zai dinga cin ƙahon duk rufewa. Sau uku yana cirewa yana sake gogewa.

9/ Sai ƙusar tagulla. Bugu ƙanana-ƙanana, ya buga ya buɗe ya rufe. In ta yi tsauri aska ba ta buɗuwa, in ta yi sako-sako ta rufe maka a yatsa.

10/ Na miƙa wa Baba bayan isha'i. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa.
"Ƙusar ta ɗan yi tsauri."
Shi ke nan fa. Amma na ga ya sa ta ƙarƙashin matashi.

11/ Yaya ta haifi namiji. Nan muka samu saɓani. Ilimin ƙwayoyin cuta nake karanta, na san ciwon hanta ta jini yake bi, ko ɗan ɗigon da ido bai gani. Shi ma Baba ya sani, ya daɗe da komawa sabuwar reza ga kowane kai. Amma jikansa, ya ce sai askar ubansa.

12/ Na ce to a tafasa ta. Ya ce zafin da ya miƙar da ƙahon shi zai lanƙwasa shi, ɗan boko. Gaskiyarsa. Muka tsoma ƙarfen kaɗai a tafasasshen ruwa, ina riƙe da mariƙin da tsumma minti ashirin, tururi na gasa min hannu.

13/ Ranar suna da sassafe ya ce, "Zo ka riƙe min kansa." Ban taɓa ganin aikinsa kusa haka ba. Hannun nan da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi, ko motsi bai yi ba.

14/ Askar tana zabira har yau. Ƙusar ta saki da kanta, yanzu daidai take. Ya ce hutu mai zuwa zai koya min washi.