Alƙalamin da Ya Fito a Karkace



'Yan'uwa, garin nan namu na Sakkwato ya daɗe da sanin alƙalami. Duk wanda ya taɓa ganin tsofaffin rubuce-rubucen da ke ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ya san abin da ɗan siririn kara ya aikata a hannun Shehu Usmanu, da ƙanensa Abdullahi, da Muhammadu Bello, da Nana Asma'u. Wancan alƙalami wuƙa ce ke fiƙe shi, in ya karkace a sake fiƙewa, babu asara. Wanda nake son mu tattauna a kansa yau daban ne: biro mai rigar katako, irin wanda nake murzawa a kan ƙaramin injina a Sabon Gari, wanda in ya karkace ya tafi da katakon da bututun da wahalar yini guda.

Ga yadda aikin yake. Ana huda guntun katako, a manna bututun tagulla mai kaurin milimita 7 a ciki, a zura shi a wata siririyar sandar ƙarfe tare da zobban da ke nuna iyakar kaurin da za a tsaya. Sandar tana shiga kan injin ta gefe guda, tsinin wutsiyar injin ya tokare ta ta ɗaya gefen. In an gama, naman katakon da ya rage a bakin alƙalamin bai fi milimita guda ba. Saboda haka kaucewar rubu'in milimita, wadda ido ba ya kamawa a ƙafar kujera, a nan yatsa ma yana jin ta: gefe ɗaya katako ya yi tudu a kan bakin ƙarfen, ɗaya gefen ya nutse.

Abin da ya kamata mai koyo ya riƙe shi ne, cizal ba ya ƙarya. Da'ira yake yankawa kewaye da layin da injin ke juyawa a kai, bai san da zaman bututun ba. In bututun bai zauna a kan wannan layi ba, katakon zai fito a mulmule sarai, amma ramin cikinsa yana gefe. Tambayar ke nan kullum: me ya ture bututun daga layi?

A damina ta bara wani ƙanen abokina ya zo mini ransa a ɓace. Ya zuba ɗan jarinsa kaf ya sayi injin na hannu, ya karɓi aikin alƙalami 40 na rabon walimar sauka, goman farko duk suka fito a karkace. Ya ce mini, “Yaya, an cuce ni, gobe 'yan gwangwan zan kira su auna shi.” Na ce ya dakata. Muka zare sandar, na naɗa tsumma a yatsa na jiƙa da kananzir na goge ramin da take shiga. Wannan rami mai tsukewa ne a hankali, ƙirar da wani Ba'amurke mai suna Stephen Morse ya fito da ita a shekarun 1860, kuma ƙarfe ne ke kama ƙarfe a cikinsa ba tare da noti ba. Ƙwayar garin katako ɗaya ta isa ta ɗaga gefe guda, abin da kuwa ya kauce kaɗan a gindi, kafin ya kai ƙarshen sanda ya ninka. Abin da ya fito a jikin tsumman ya isa a shafe allo da shi. Alƙalami na goma sha ɗaya ya fito daidai, ya kuma cika alkawarinsa kafin ranar walima.

Ba kullum abin ke zuwa da sauƙi haka ba. In rami ya tsabtata amma matsalar na nan, sai a sa tsini a kai, a matso da na wutsiya har su kusa sumbatar juna, a saka reza a tsakani. In ta tsaya cak, lafiya. In ta kwanta gefe, tsinayen ba su haɗu ba. Kafin a zargi maƙerin injin, a duba teburin da yake kai, domin ƙasan shagunanmu ba kasafai take a shimfiɗe ba, kuma in an ɗaure ƙaramin inji da ƙarfi a kan tebur mai gurguwar ƙafa, gadonsa murɗewa yake yi. In wutsiyar ce ta yi ƙasa, ɗan yankin gwangwanin lemo a ƙarƙashinta yakan wadatar.

Sai ita sandar. A mirgina ta a kan gilashi. In tana ɗingishi, ta lanƙwashe, a nemi wata. To amma me ke lanƙwasa ta? Mafi yawa hannun mai ita ne. Mutum ya ji abu na rawa, sai zuciya ta ce masa ya ƙara ɗaurewa, ya murɗa wutsiya har ƙarshen ƙarfinsa, ya matse notin zobba kamar mai ɗaure tayar mota. Sandar da kaurinta bai wuce na fensir ba, in an matse ta ta gefe biyu, baka take zama. A ganina wannan ya fi kowane dalili ɓata alƙaluma a wurin masu koyo. Tsinin wutsiya ya taɓa har ya fara juyawa tare da sanda, ya isa. Haka nan in ba a daidaita bakin katakon da bakin bututun ba, noti na matsawa zai karkatar da komai.

Boris shi ne na ƙarshe da nake zargi, don shi ya fi tsada, kuma in ya mutu ba ya ɓoyewa, kuka yake yi ya ɗau zafi.

Saura katakon kansa. Kanya da maɗaci da ƙirya duk suna yin alƙalami mai kyau, amma sai sun bushe. Wanda aka murza da sauran ɗanyantaka a watan Agusta, hunturun Janairu zai tsotse shi ta gefe guda fiye da ɗaya, ya fito kamar ƙwai ko ya tsage a kan bututun, alhali injin ba shi da laifin komai. Ni nakan yanka guntayen, in shafe bakunansu da kakin kyandir, in rubuta wata da shekara a jiki, in jefa su saman rufin shago ta ciki. Ba na taɓa su sai sun ga hunturu guda.