Agashe da Teburin Faransawa

Duk wanda ya taɓa zama gidan abincin Faransawa ya san tsarinsu: ɗan abin taɓa baki, sai nama ko kifi, sai cuku, sannan kayan zaƙi. Sun mutunta tukunyarsu, har UNESCO ta sanya wannan liyafa cikin gadon al'adun duniya a 2010.

Mu kuwa agashe muka kawo wa Sudan, sunansa ma Hausa ne. Kakanninmu matafiya Makka, da masu hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, da sanin ƙuli-ƙuli da yaji da tsinke suka iso. Kafin Afrilun 2023, da magariba a Suk al-Arabi, hayaƙin tukuba kan tara Balarabe da ɗan Darfur da Bahaushe a benci ɗaya.

Yaƙi ya ɗaiɗaita kasuwar, masu gashi sun watse. Abin da ya fi wannan ciwo, wasu 'ya'yanmu na kunyar a ce ubansu mai agashe ne. Rumfa ana sake kafa ta, amma sirrin haɗin yaji in ya bi tsoho kabari, ya tafi ke nan. Mu zaunar da yara gindin tukuba tun dattawa na raye.

Allah ya maido da zaman lafiya Khartum.